Masaukin da Ba Shi da Mai Gida

Malam Tasi'u na Ƙofa ba ya miƙa hannu cikin kwanon da ba a kira shi ba. Duk garin an san shi da wannan. Ko gidan ƙaninsa ya shiga ya tarar ana cin tuwo, in mai gida bai buɗe baki ya ce bisimilla ba, zai faɗi abin da ya kawo shi ya kama hanya, ko da yunwa na murɗa masa hanji. A haka ya tashi, a haka furfura ta same shi.

Bayan an gama saran rake sai autarsa Bahijja, wadda ke aikin likita a Abuja, ta zo gida ta ce za ta kai shi Umara. Ta yanka musu tikitin gaban jirgi, na manya. Ta zauna a gefen tabarmarsa tana yi masa bayani.

"Baba, ba kai tsaye za mu wuce ba. Za mu ya da zango a wata ƙasa, mu yini, sai yamma mu hau wani jirgin. Amma kada ka damu. A cikin filin jirgin akwai masauki na musamman, na masu irin tikitinmu. Abinci iri-iri, kujerun kwanciya, wurin wanka, wurin salla. Sai ka ga dama."

"Na wane ne?"

"Me, Baba?"

"Masaukin."

"Na masu jirgin ne."

"To."

Bai ƙara tambaya ba. Shi a saninsa masauki yana da mai masauki, mutum mai fuska da suna, wanda zai taso ya tarbe ka, ya karɓi kayanka, ya sa a kawo ruwa. Kuma ba a zuwa wa irin wannan mutum hannu rabbana. Sai ya zaɓi mazarƙwaila mafi haske cikin wadda aka dafa da raken gonarsa, ya naɗe ta a sabuwar leda, ya sa a jakar hannu. Bai gaya wa kowa ba.

A cikin jirgi bai ci komai ba. Tun da abin ya ɗaga hanci sama cikinsa ya juya, ruwa kawai ya iya kurɓa. Da suka sauka, Bahijja ta ɓallo masa ƙwayar maganin suga, don ya daɗe da ciwon.

"Sha yanzu, Baba. Ga abinci can muna zuwa. Wannan maganin ba ya son ciki wayam, in ba ka ci ba zai kayar da kai."

Ya haɗiye. Suka hau wata matakala mai tafiya da kanta, ta kai su sama, gaban wata ƙofar gilashi. Ƙofar ta buɗe ba wanda ya taɓa ta. Malam Tasi'u ya gyara babbar riga, ya ɗaga murya ya yi sallama.

Ba wanda ya amsa.

Wata yarinya ce a bayan kantar karɓar baƙi, gashi a waje, tana murmushi irin wanda aka koya wa mutum. Ba ta dube shi ba, tikitin ta duba. Ta goga shi a kan wata na'ura, na'urar ta yi ƙara, ta nuna musu ciki da tafin hannu.

"Mai gidan fa?" in ji Malam Tasi'u.

"Baba, shiga kawai ake yi."

"A ce masa baƙi sun iso."

"Ba ya nan, Baba. Mu je ka zauna."

Ya zuge jaka ya ciro ledar, ya ɗora a kan kantar da hannu biyu. "A ajiye masa. A ce daga Tasi'u na Ƙofa."

Yarinyar ta ja baya kamar an ajiye mata kunama. Ta ɗaga hannuwa tana magana da sauri. Bahijja ta sunkuyar da kai, kunya ta rufe ta.

"Ta ce ba a yarda su karɓi komai ba. Ɗauke, Baba."

"Kyauta ba ta komawa jaka."

Ya wuce ya bar ta nan.

Ɗakin ya fi filin Idin Ƙofa tsawo. Sanyi kamar an buɗe randa. Kujeru masu laushi, mutum ya zauna su haɗiye shi har ƙugu. Fitilu a kunne da rana tsaka. Can gefe kwalaben giya a jere, an haska su daga baya, an yi musu gata. Akwai wata kujera baƙa da ke matsa wa mutum baya da kanta, wani ƙato na kwance a ciki yana karkarwa, ido a lumshe, ba ko kunya.

Bahijja ta sama masa wuri kusa da taga. Ya zauna a bakin kujerar, bai jingina ba. Ya fara kallon mutanen da aka ce su ne manya.

Kowa da wayarsa a hannu, wani da igiya a kunne. Mutum zai zo ya zauna dab da ɗan'uwansa, gwiwa na gogar gwiwa, ba sannu ba ina gajiya. Wani ya miƙe ƙafa a kan tebur da takalmi, yana minshari baki buɗe. Amma abin da ya fi tsaya wa Malam Tasi'u a rai shi ne wajen abincin. Tukwanen ƙarfe ne a jere, kowace da murfi, ba kowa a bayansu. Sai ga dattawa masu tumbi, masu kwat, masu furfura irin tasa, kowa riƙe da faranti, suna bin tukwane suna buɗewa da hannunsu. Wannan ya leƙa ya yatsine fuska ya rufe. Wancan ya ɗebo ya shinshina. Wani ya tula nama har yana zubowa, ya ci loma kaɗan ya ture, ya koma ya ɗauko sabon faranti. Awaki sun sami rumbu a buɗe.

A Ƙofa ko yaron da bai yi kaciya ba, in ya buɗe tukunyar gidan wani, sai uwarsa ta sha gori har shekara ta zagayo.

"Baba, me zan ɗebo maka? Akwai shinkafa, akwai kaza, akwai romo."

"Wa ya ce ki ɗiba?"

"Kowa ɗiba yake yi. Haka tsarin yake."

"Na ga kowa."

"Ai namu ne, Baba. Yana cikin tikiti."

"Tikiti ne ya dafa?"

Ta tafi duk da haka. Ta dawo da faranti, ta durƙusa ta ajiye a gabansa, ta ce, "Bisimilla, Baba."

Ya dubi farantin, ya dube ta. "Ke ma baƙuwa ce. Baƙo ba ya yi wa baƙo bisimilla da abincin gidan mutane. Mayar."

Ba ta mayar ba, shi kuma bai taɓa ba. Ƙamshin kazar na hawa masa ka. Ya kau da fuska, sai idonsa ya faɗa kan ƙofar shigowa. Wani mai shara sanye da safar roba ya ɗaga ledar mazarƙwailar da yatsa biyu, ya jefa a kwandon shara, ya tura kekensa ya yi gaba.

Malam Tasi'u ya gyara zaman hularsa.

Da azahar ta yi ya je ɗakin salla. Nan ma ba liman ba ladan, kowa ya yi tasa ya fice. A sujada ta ƙarshe ya ji ƙasa na juyawa da shi. Ya dawo yana dafa bango. Gumi ya keto masa cikin wannan sanyi, hannunsa na rawa a kan gwiwa, ya danne shi da ɗayan.

Bahijja ta kama wuyan hannun, ta dubi idonsa. Ta zazzage jakarta ko za ta sami alewa, babu. Muryarta ta canza.

"Baba, sugan ne ya sauka. Wallahi in ba ka sa wani abu a bakinka ba, faɗuwa za ka yi. Ko lemo ka kurɓa."

"Lemon wa?"

"Baba, don Allah!"

"In na faɗi, ki ɗaga ni."

Ta miƙe da sauri ta nufi wajen yarinyar bakin ƙofa. Jim kaɗan ta dawo da wani mutum siriri mai baƙar kwat, da ɗan allo maƙale a ƙirji. Mutumin ya tsaya a kan Malam Tasi'u, ya ɗan rusuna, ya yi magana da Turanci, yana murmushi irin na yarinyar can.

"Baba, ga mai gidan," in ji Bahijja. Idonta na kan kafet. "Ya ce gidansa ne. Ya ce sannu da zuwa, ya ce bisimilla ka ci."

Malam Tasi'u ya ƙare wa mutumin kallo daga sama har ƙasa. Mutumin bai zauna ba. Bai miƙo hannu ba. Yana magana yana satar kallon agogo, kuma da wani mai tumbi ya ɗaga masa yatsa daga can nesa, har ƙafarsa ta fara juyawa. Mai gida ba ya tsayuwa haka a cikin gidansa.

"Bahijja."

"Na'am, Baba."

"Dube ni."

Ta ɗago. Hawaye ya cika mata ido.

"Tun kina rarrafe ba ki taɓa yi mini ƙarya ba. Yau kin yi, a kan shinkafa."

"Tsoro nake ji, Baba."

"Na sani. Sallami bawan Allah, ana kiransa."

Ya yunƙura ya tashi. Ya bi ta gaban tukwanen bai waiwaya ba, ya bi ta gaban yarinyar, ƙofar ta buɗe masa kamar yadda za ta buɗe wa kare. Bahijja ta tattaro jakunkuna ta biyo shi tana kiran sunan Allah.

Suka sauko ƙasa, nan kuma wata duniya ce. Hayaniya, zafi, kukan yara, kujerun ƙarfe duk a cike. Yana tafe yana ganin mutane bibbiyu. A gindin wani ginshiƙi ƙarfinsa ya ƙare, ya sulale ya zauna a ƙasa. Kusa da shi wasu mutane ne zaune a kan darduma, 'yan jirginsu na Kano, waɗanda aka zuba a baya. Ya tattaro sauran numfashinsa ya yi sallama.

Baki ɗaya suka amsa.

Wani mai kaurin wuya, da hannuwa duk tabon baƙin mai, ya matso. Ya ce sunansa Habu, daga Tudun Wada, gyaran injin ban ruwa yake yi. A gabansa akwai roba cike da dambun nama, da burodi, da dabino a leda.

"Baba daga ina?"

"Ƙofa."

"Allahu akbar, ashe na gida ne! Ai ni ke gyara wa maƙwabtanku mutanen Tiga inji. Bisimilla, Baba."

"Alhamdu lillahi," in ji Malam Tasi'u. Bakinsa ne ya faɗa, yadda ya saba, don dattijo ba ya dira kan kwano a kiran farko.

Bahijja ta dafe kai. Ta buɗe baki za ta yi magana, ya harare ta, ta yi shiru. Idan mutumin nan ya ce to ya ja robarsa, shi ke nan.

Habu ya dubi gumin da ke bin gemun tsohon, ya dubi hannun da ke rawa. Ya tura robar har ta taɓa gwiwarsa, ya ɓare dabino ya danƙa masa a tafi.

"Haba Baba! Alhamdu lillahi a ƙasar mutane? Wallahi ba ka isa ba. Uwargida ta kwana tana dakan naman nan, in ta ji dattijon Ƙofa ya zauna kusa da ni bai ci ba, ina zan sa kaina? Ci, don girman Allah."

Malam Tasi'u ya yi bisimilla ya kai dabinon baki. Ya ci wani, ya ƙara wani. Aka miƙo masa ruwa a gora. Sannu a hankali ginshiƙin ya daina juyawa, mutane suka koma ɗai-ɗai. Ya gutsuri burodi ya dangwali dambu.

"Wai Baba, ba kai na gani a gaban jirgi ba?" in ji Habu. "Ai ku aka ce kuna da ɗaki a sama. An ce har wanka ake yi, nama sai ka ture. Yaya wurin yake?"

Malam Tasi'u ya tauna, ya haɗiye.

"Ba kowa a gidan."

Habu ya yi dariya har da buga cinya, bai san me ake nufi ba. Sai ya lura da Bahijja tsaye da jakunkuna, ido jawur.

"Hajiya, ke fa? Ko kin ƙoshi a can?"

Ba ta ci komai ba ita ma. Tun safe take jiran ubanta ya fara.

"'Yata ce," in ji Malam Tasi'u. "Likita ce. Ita ta kawo ni." Ya matsa gefe ya bar mata bakin darduma. "Zauna, Auta. Mai abinci ya yi magana."

Ta ajiye jakunkunan, ta tuɓe takalmi, ta zauna a ƙasa.