Ranar da Ba-Gaggawa Ta Ƙi Hawa Tudu

Kawu Babagana ya ce wannan ce dama ta ƙarshe da zai ba ni, kuma ban ga laifinsa ba. Makaranta na bar ta tun a ƙaramar sakandare saboda benci yana cizo na. Ya kai ni wurin tela, na tarar zama ne. Ya kai ni gyaran waya, na tarar shi ma zama ne, har da sunkuyo. Tuƙi kaɗai na koya da daɗin rai, a tasha, wurin juya motocin mutane.

"Ashemi, je ka Kwandere ka ɗauko bas ɗin nan," in ji shi. "In lafiyarta ƙalau, ka riƙa jigilar fasinja zuwa garin Obi da ita. In kuwa giyabos ne ya mutu, yadda direban baya ya faɗa kafin ya gudu, ba zan gyara ba. 'Yan gwangwan za su yanka ta, kai kuma ka zo shago ka zauna gadin bokitai."

Zama kuma! Ban tsaya karyawa ba, na ari batir, na sayi mai a jarka, na hau acaɓa.

Bas ɗin tsohuwa ce, ta girme ni. A goshinta an rubuta Ba-Gaggawa, shi ne ya zama sunanta. Duk garin Lafiya an san ta da hayaƙi: in ta wuce ta gaban masu suya, sai su rufe nama da takarda. Damina guda ta yi a ajiye a bayan ɗakin kakata, Kaka Jumai, mahaifiyar Kawu. Da na isa na tarar Kaka ta mayar da ita rumbu. Buhunan agushi da na riɗi a kan kujeru, kubewa a shanye a kan rufi.

"A'a, maigidana ne da hantsin nan?" in ji Kaka. "Ka zo da cefane ko da yunwa?"

"Na zo ɗaukar mota, amarya. Kwashe kayanki."

"In kwashe in kai ina? Dama kasuwar Lafiya za su. Allah ya kawo mini direba kyauta."

Kafin in ɗaura batir har ta yafa gyale ta hakimce a kujerar gaba, da kwanon goronta a cinya. Na zuba mai, na murɗa makulli. Ba-Gaggawa ta yi tari, ta yi atishawa, ta yi shiru. Samarin unguwa suka tura mu, na saki kuloci a giya ta biyu, sai ta kama. Na buga sitiyari na yi ihu, Kaka ta rangaɗa guɗa kamar an kawo amarya.

Amma ƙarar ba irin wadda na sani ba ce. Wani huci take yi daga ƙarƙashin ciki, fiii, fiii, kamar macijin da aka taka wa wutsiya. Na ce a raina, tsufa ne, duk wanda ya yi damina a kwance ai sai ya yi huci.

A miƙaƙƙiyar hanya ta ɗan taɓa tafiya. Da muka tsallake kwalbati muka fuskanci tudu, sai ta fara jan ƙafa. Na dawo giya ta biyu. Na dawo ta ɗaya. Na take totur har ƙasa, har sai da yatsuna suka fito ta gaban silifa, amma injin bai ɗaga murya ba. Wani dattijo a kan keke, da damin rake a baya, ya zo ya wuce mu. Da ya kai gaba ya waiwayo ya ce, "Sannunku da hutawa!"

Kaka ta ƙyalƙyale da dariya har goro ya zube. "Maigida, in sauka in riga ka zuwa in ɗora tuwo?"

"Nauyinki ne, amarya. Ke da agushinki."

"Ni? Ni da iska ke ɗauka? Kai dai ka ce ba ka iya ba."

Ni ma dariyar nake, amma ta baki ce kawai. Bokitan Kawu nake gani a jere, ja da shuɗi da kore, da ni a tsakiyarsu a kan kujerar roba. Wata mata da tiren ayaba a ka ta jera da mu, har muka yi ciniki ta taga, Kaka ta saya, matar ta ba da canji, duk mota tana tafiya. Can sai wani ƙamshi ya cika motar.

"Wa ke gasa masara a nan?" in ji Kaka, tana shinshina. "Tsaya mu saya."

"In na tsaya a tudun nan, sai dai mu koma Kwandere da baya."

Da kyar da addu'a muka kai garejin Oga Terseer, a bakin gari, ƙarƙashin bishiyoyin mangwaro. Shi ne bakaniken da ke duba motar tun ina yaro. Hausarsa ta koyo ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa. Yana ganin mu ya ajiye sifana ya riƙe ƙugu.

"Ba-Gaggawa! Ashe kana da rai!" Ya leƙo ta taga. "Mama, sannu. Ka sauka kaɗan, injin yana ƙarƙashin kujera naka."

"Shi ya sa tun ɗazu nake jin kamar a kan murhu nake," in ji Kaka. Ta sauka, aka ba ta benci a inuwa.

Ban gama faɗa masa abin da ya faru ba sai ga Kawu a kan babur, ya goyo wani mutum siriri mai jar hula. Sha'aibu ne, mai sayen gwangwan. Ko gaisawa bai gama ba ya fara zagaya motar yana ƙwanƙwasa jikinta, irin kallon da mahauci ke yi wa saniya.

"An ce mini kuna tafe tun hantsi, mai keke ya riga ku," in ji Kawu. "Giya ce, ko? Na faɗa."

"Alhaji, bari mu tambaye shi tukuna," in ji Oga Terseer. "Mota yana magana."

Ya shiga ya tayar. Ya ja hambirki, ya sa giya ta uku, ya saki kuloci a hankali. Motar ta yi tsalle ɗaya ta mutu.

"Ka gani? Ta mutu!" in ji Sha'aibu, da murna a fuskarsa.

"Mutuwan nan mai kyau ne. Da kuloci ya cinye, injin zai ci gaba da kuka, mota yana tsaye. Wannan ya kama gam." Ya sake tayarwa, ya zagaya da ita fili, ya shiga kowace giya har ribas, babu wadda ta yi gardama ko ƙara. Ya shiga ƙarƙashi ya kwance wani noti, ya tsoma yatsa a man giya, ya fito ya nuna wa Kawu. "Ba garin ƙarfe, ba wari. Ashemi, da ka taka totur a tudu, injin ya yi ihu mota bai tafi ba, ko injin ne ya ƙi ihu?"

"Injin ne ya ƙi. Kamar an shaƙe shi."

"To giya ba ruwanshi. Ƙarfi ne bai zo daga inji ba."

Na yi tsalle na rungume shi, duk baƙin mai ya shafe mini riga. Kawu ya ɗaga hannu.

"Kada ka yi rawa tukuna. In ba giya ba ce, inji ne, wanda ya fi giya tsada. Za ni masallaci. In na dawo daga la'asar ba ta warke ba, Sha'aibu ya ja abarsa."

Oga Terseer ya duƙufa. Ya cire matatar mai ya busa, iska ta wuce. Ya kwance fulogi, duk sun yi baƙi ƙirin, ya goge ya mayar. Ya buɗe iyakilina, wato matatar iska, ya kakkaɓe, ya wanke kafireto da fetur. Bayan kowane ɗaya sai ya ce in taka, in taka, injin ya yi fiii ya tsaya a inda yake. Murmushin Oga ya fara raguwa. Sha'aibu kuwa ya samu gefen bencin Kaka ya zauna, har tana ba shi goro.

"Kaka, mutumin nan yanka motar ya zo yi!"

"To don zai yanka mota sai a hana shi goro?"

"Ashemi, ka zauna wuri ɗaya, kana juya mini kai," in ji Oga. Ya ɗora dutse a kan totur don injin ya riƙa aiki, ya kara kunne yana saurare.

Na gwada zama. Wallahi na gwada. Ɗuwawuna bai gama taɓa taya ba na miƙe. Na zagaya motar ta dama, na zagaya ta hagu, na leƙa taga, na karanta lambarta, na sake zagayowa. A wani zagayen ne na tsaya a bayanta ina goge zufa, sai na ji wani abu ya ɓace. Ina tsaye daidai bayan Ba-Gaggawa, injinta yana aiki, kuma ina numfashi lafiya lau. Ba tari, ba hawaye. Motar da ke korar masu suya!

Na duƙa. Hayaƙi yana fita, amma ta tsakiyar ciki, ta wata 'yar ɓular tsatsa, shi ne mai hucin nan. Na kai tafin hannu bakin salansa. Ko iskar da za ta kashe ashana babu. Na leƙa ciki, sai na ga jar ƙasa, an shafe ta sumul, wuta ta gasa ta ta zama kamar gindin tukunya.

"Oga! Oga, zo ka ga! An yi wa salansa yaɓe!"

Ya zo da gudu, Sha'aibu ya biyo shi. Na ɗauki sukudireba zan caka, sai muryar Kaka daga benci:

"Kai, kai, maigida! Kada ka fasa mini aiki! Ka san wahalar da na sha kafin ya zauna?"

Muka juya gaba ɗaya.

"Mama, kai ne ka toshe?" in ji Oga Terseer.

"Da wa zai toshe? In zuba agushi a wuri in bar wa ɓera ƙofa? Ko rumbu ai sai an liƙe shi. Totuwar masara na naɗe da tsumma na tura da muciya, na ƙara wata, na kwaɓa ƙasar suri na shafe. Ƙwaya ɗaya ɓera bai taɓa mini ba, je ka duba."

Oga Terseer ya zauna daɓas a ƙasa. Dariya ta hana shi magana, sai nuna Kaka yake yi yana nuna motar. Ni kuma na tuna masarar da ta ce a tsaya a saya, na faɗi a kansa.

"Amarya, masarar da kika ji ana gasawa, taki ce!"

"To ai ka ga ba a yi asara ba."

Muka farfasa yaɓen, amma totuwar ta shige can ciki, waya ba ta kamo ta. Oga ya yanka gwangwanin madara ya naɗe ɓular nan ta ciki, ya ɗaure da waya tamau. "Yanzu iska ba shi da wani hanya. Kowa ya bar bayan mota. Ashemi, taka!"

Daidai lokacin Kawu ya shigo da carbi a hannu. Sha'aibu ya tare shi yana cewa, "Alhaji, ni fa har yanzu ban ga alamar..." kuma don ya nuna masa, ya je ya tsaya inda aka ce kada a tsaya.

Na taka. Motar ta kumbura, ta yi rawa, sai ji kake fau! Totuwa ta fita kamar harsashi ta ɗauke jar hular Sha'aibu, wanda ya sunkuya leƙe. Ta biyun ta bi ta tsakanin ƙafafunsa ta daki wani tsohon bonet, ƙarar ta tashi tsuntsayen mangwaro. Sai hayaƙi, baƙi, na damina guda, ya rufe gareji. Injin ya buɗe murya ya yi ruri irin wanda na sani tun ina yaro.

Da hayaƙin ya lafa, Sha'aibu yana tsaye ba hula, fuska kamar gindin tukunya, yana laluben kansa ya ji ko yana nan. Oga ya nuna wa Kawu totuwar, ya faɗa masa wadda ta cusa ta. Kawu yana tari yana dariya yana salati a haɗe.

"Iya, ke ce kika kusa sa in sayar da mota a kilo?"

"Ni na ce ka ajiye ta a bayan ɗakina? Kuma ku tsinto mini totuwata, ta gasu, ta yi daidai kunna wuta."

Kawu ya share hawaye ya dube ni. "Wa ya gano?"

"Yaron nan," in ji Oga. "Na ce ya zauna, ya ƙi."

Kawu ya girgiza kai. "Gobe da safe ka shiga layin Obi. Bokitai sun huta da kai."

Ban san lokacin da na ɗaga Kaka sama na dire ta a kujerar gaba ba, tana dukana da gyale. Muka fito titi, na sa ta ɗaya, ta biyu, ta uku, Ba-Gaggawa tana cin hanya, hayaƙinmu yana bin mu kamar rakiya. Kusa da kasuwa na hango dattijon nan mai keke, ya sayar da rakensa yana komawa. Na ce yau sai ya ji ni. Na danna ham da tafin hannu gaba ɗaya.

Shiru. Na sake dannawa. Ko ƙis.

Na juya na dubi Kaka. Ta mayar da fuska taga tana ɓare goro.

"Can ma rami ne," ta ce.

Sai na zuro kai waje na ƙwala masa da bakina: "Baba, sannu da hutawa!"