Madubin Dama na Babur ɗin Alhaji Maazou

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Alhaji Maazou, bakinsa ya daina magana, sai hannun hagu kaɗai ya rage masa. Mutanen gidansa da ke unguwar Titirou a Parakou suna ƙaunarsa, ba ƙarya, amma ƙaunar tasu ta gajiyar da shi. Da ya ɗaga hannu sai wani ya kama ya mayar masa ƙarƙashin bargo, a ce ciwon ne ya motsa. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana cinikin goro tsakanin Parakou da Djougou, yau an mai da shi abin lallaɓawa.

Sai 'yarsa Housseina ta haihu a Djougou, namiji, aka aiko cewa sunan kakan za a sa wa yaron. Alhaji ya kafe idonsa a kan tsohon babur ɗinsa da ke jingine a zaure, ya ƙi ɗaukewa. Mota ba ta karɓarsa, ranar da aka kai shi asibiti a tasi amai ya sarƙe shi har ya kusa tafiya. In dai zai ga takwaransa a ranar suna, to a kan babur ne.

Ƙaramar 'yarsa Roukaya, wadda ke yawon tallar atamfa a kan babur, ta ce ita za ta kai shi a kan tsohon babur ɗin nasa. Yayanta Bachir ya tashi kamar zai cinye ta.

"Kina da hankali kuwa? In ya sarƙe a bayanki, ta ina za ki sani? Ba zai iya kiranki ba."

"Zan ɗaure shi da zane a jikina, Yaya. Kuma ga madubi, zan karkata na dama ya riƙa nuna mini fuskarsa."

Bachir ya daki madubin da yatsa, ya langaɓe. Ya ɗauko sifana ya murɗa notin zuwa dama har jijiyar wuyansa ta fito, ya ce ya ɗaure. Sannan ya kafa sharaɗi: zai bi su a nasa babur ɗin har Albarika, bakin gari. In madubin bai tsaya ba, gida za a koma, ba wata magana.

Aka sa wa Alhaji hular kwano, aka goya shi a bayan 'yar da ya taɓa goyawa a kafaɗa. Ba su yi nisa ba madubin ya fara rawa. Roukaya ta duba ba ta ga uba ba, sai wani abu fari yana karkarwa, can kuma madubin ya juya yana nuna mata gwiwarta. Ta tsaya a Albarika gindin wani mangwaro, ranta a ɓace.

Bachir ya sauka da fuskar nan tasa ta wanda magana ta zo masa daidai. Ya sake sa sifana ya danna dama, notin ko gezau.

"Kin gani? Ya kai ƙarshe. Haƙoran notin ne suka cinye. *C'est fini*, an gama, mu juya."

Alhaji na bayanta, hannunsa na hagu sai juyawa yake a iska. Bachir ya kama hannun cikin tausayi ya kwantar masa a cinya.

"Ga shi har ciwon ya motsa. Yi haƙuri, Baba, za a turo maka hoton yaron a waya."

Hannun ya fizge. Roukaya ta ji fizgar a bayanta, kuma ta san wannan ba karkarwa ba ce, fushi ne, irin wanda ta sani tun tana yarinya. Ta waiwaya ta kalli hannun sosai. Yatsu uku a haɗe kamar sun riƙe wani abu, suna juyawa gefe ɗaya kawai, hagu, hagu.

"Baba, notin kake nufi?"

Tsohon ya lumshe ido, alamar e.

"Yaya, ba ni sifanar nan."

"Hagu ai kwancewa ne, Roukaya. Kowa ya sani."

"Babur ɗin wa ne? Naka ko nasa?"

Ta karɓi sifanar ta murɗa hagu. Notin ya saki, ya fara gangarowa ƙasa. Ashe madubin dama na irin wannan babur haƙoransa a juye suke, duk ƙarfin da Bachir ya zuba sama ya yi ta tura notin, sandar madubin na lilo a ƙasa. Kafin ta ƙarasa, Alhaji ya dafa kafaɗarta, ya nuna robar tif ɗin taya da aka ɗaure jakarsu da ita. Ta yanko ɗan guntu, ta huda, ta kwance madubin ta sa robar a gindinsa, ta mayar ta ɗaure tam. Ta tayar da inji ta murza. Babur ɗin gaba ɗaya yana kaɗawa, madubin ko motsi.

Ga fuskar Baba a ciki, tar, rabin baki yana dariya. Daɗi ya kama Roukaya har idonta ya ciko.

Bachir ya sosa ƙeya. "To, Allah ya kiyaye hanya. Zan taho gobe da safe."

Suka kama kwalta. Bayan gadar Bétérou ta ga hannun ya ɗago a madubi yana tura iska gaba, wato ta ƙara wuta. Ta ƙara masa kaɗan, ba yawa.

Washegari aka raɗa wa yaro suna Maazou a gaban kakansa. Ana cikin rabon goro hannun Alhaji ya ɗaga. Bachir da ke kusa ya miƙa nasa zai kwantar da shi, sai ya tsaya. Ya durƙusa a gabansa.

"Me kake so, Baba?"

Yatsan ya nuna farin goro mafi girma a faranti, sannan ya nuna ɗakin mai jego. Bachir ya ɗauka ya kai wa Housseina da kansa.