Kunnen Rago

Dattijo Tursinbek ba ya gama kofin shayi bai jero sunayen kakanninsa bakwai ba. A wurinsa, duk wanda ya kasa kawo nasa bakwan ba jini ne a jikinsa ba, ruwa ne. Otegen mai haƙar rijiya kuwa a gidan marayu ya tashi, ko sunan ubansa bai sani ba. Shekara ashirin yana ƙauyen su dattijon, a kowane biki mazauninsa bakin ƙofa ne, kusa da takalma.

Ranar da gyambon ciki ya kwantar da dattijon, likita ya nemi jini. Dangi suka jeru, kowa da kakanninsa bakwai cif. Na wasu bai dace ba, wasu suka tuna suna da hawan jini. Jandos, ɗan ƙanen dattijon, allura kawai ya gani ya zube ƙasa. Na Otegen ne ya dace, aka ɗibi abin da aka ɗiba.

Da tsohon ya miƙe, aka yanka rago don godiya. Otegen ya ɗauko rigarsa ta biki.

"Ina za ka da wannan ado, maigida?" in ji matarsa Ulbosin. "Kan rago za a miƙa maka?"

Otegen ya zura rigarsa. Abu ɗaya yake so, tsohon ya ambaci sunansa a gaban jama'a. Yana jin haushin kansa da yake son hakan, amma ya tafi.

Aka ajiye kan ragon gaban dattijon, ya shiga yanka yana rabawa bisa daraja.

"Jinin kakannina ne ya tashe ni," ya ce. "Irinmu ba ma faɗuwa da wuri."

Jandos ya fi kowa gyaɗa kai.

Can ƙarshe tsohon ya yanko kunne, rabon ƙananan yara. "A miƙa wa wancan na bakin ƙofa, mai rijiya."

Otegen ya juya kunnen a tafinsa, ya miƙe tsaye.

"Baba, Allah ya ƙara lafiya. Gobe in ka zauna jero kakanninka, kada ka tsaya a bakwai. Ka ƙara da ni, na takwas."

Ya taka ya ajiye kunnen a kwanon Jandos.

"Ci, jarumi, ko ka yi jini."

Takalmansa ba su yi masa wuyar samu ba.