Duman Sahura

Bayan rasuwar Malam Mani, ɗansa Jalaluddeen ya sayar da gidan Matankari, ya ɗauko mahaifiyarsa Sahura zuwa Dogon Dutsi, inda yake da shagon kayan babur a bakin kasuwa. Gidan mai kyau ne, ga famfo ga lantarki, tsakar gida kuma an malale ta da siminti tun daga ƙofa har makewayi. Matarsa Fadila ba ta barin tsohuwar ta taɓa ko tsintsiya. Kullum maganar ɗaya ce: "Huta, Inna." Sahura ta yi ta hutawa har ƙafafunta suka fara kumbura.

A bayan ɗakinta akwai wata kusurwa da simintin bai kai ba, ƙasa ce da ba ta fi faɗin tabarma ba. Da ruwan shuka ya sauka, ta tone wurin da guntun ƙarfe, ta zuba kashin awakin maƙwabta, ta binne irin duma. Ta roƙi ɗanta itatuwa, ya sa aka kafa mata 'yar rumfa yana dariya.

Duma ya fito da ƙarfinsa. Tana idar da sallar asuba sai ta zagaya, ta kama yaɗon da ya ɓace hanya ta ɗora shi a kan itace, ta ɗaure da tsumma sako-sako don kada ya ji ciwo. Da yamma fararen furanni su buɗe. Kafin tsakiyar damina ya rufe rumfar ruf, ya haye katanga, 'ya'ya suka fara rataya. Waɗanda suka yi nauyi ta yaga tsohon zane ta goya su. A ƙarƙashin rumfar nan take wuni, tana tsince busassun ganye tana magana ita kaɗai.

Nan Maimunatu ta same ta. Tare suka yi ƙuruciya a Matankari, kuma duk garin an san Maimunatu da kiɗan ƙwarya a wurin wasan bori. Ta ɗaga kai ta yi guɗa.

"Sahura, hannunki bai mutu ba! In sun ƙosa, manyan nan biyu nawa ne."

"Naki ne," in ji Sahura. Suka sha fura, suka yi hirar mutanen da suka riga su tafiya.

Maimunatu ba ta iya riƙe baki. Duk inda ta zauna sai ta faɗi cewa sababbin ƙorenta suna girma a gidan Jalaluddeen. Sahura dai ta ga ɗanta ya daina zagayowa bayan ɗakinta, ta ɗauka kasuwa ce ta riƙe shi.

Ran nan Fadila ta kai ta wurin likita a duba mata ƙafa. Da suka dawo da azahar, ta tarar ganyen ya langaɓe. Ta ce rana ce, ta ɗebo ruwa ta zuba. Washegari ya ƙara lafewa. Ta durƙusa da ƙyar ta laluba gindin, sai ga shi ya biyo hannunta. An yanke shi da wuƙa, sannan aka mai da shi cikin ƙasa aka turbuɗe, don kada a gani.

Ta zauna a wurin har Jalaluddeen ya shigo cin abinci.

"Kai ne?"

Ya tsaya, bai dube ta ba. "Ni ne, Inna. A masallaci ake nuna ni, ana cewa a gidana ake noma ma 'yan bori ƙwarya. Ina hana mutane abu, ga shi yana yaɗo a bayan ɗakin uwata."

"Mi ya hana ka gaya mini? Da na ce ma Maimunatu ta nema a wani wuri."

"Na san ba za ki yarda ba."

"Ka tambaye ni?"

Ba ta jira amsa ba, ta ci gaba.

"Ban taɓa zuwa wurin wasansu ba, ka sani. Da ƙwarya na yi maka wanka, da ita na ba ka hura. Yankan ma da sauƙi, Jalalu. Amma ka turbuɗe shi, ka bar ni ina ba gawa ruwa?"

"Ki yi haƙuri, Inna," ya ce, ya shige ɗaki.

'Ya'yan ba su ƙosa ba, don haka ba su fafuwa. Suka yamutse, suka yi baƙi a inda suke rataye. Ita da kanta ta kwance goyon ɗaya bayan ɗaya, ta ninke tsummokin. A makon aka kira magini, ya cire rumfar, ya shafe kusurwar da siminti. Jalaluddeen ya sayo mata manyan robobi masu murfi, ta karɓa ta yi godiya.

Ba ta da gidan komawa, sai ta zauna. Kullum da safe ya durƙusa a ƙofarta ya gaishe ta, ta amsa lafiya lau, shi kuwa ya ɗauka magana ta wuce.

Da kaka Maimunatu ta zo ta yi sallama. Daga cikin ɗaki Sahura ta ji Fadila tana cewa Inna ba ta nan. Ta kama bakin gado za ta tashi, sai ta saki, ta koma ta kwanta ta juya fuska ga bango.