Tagar Goggon Sama

Na-Tsani yana tsaye a kan matakin ƙarshe na tsaninsa, matakin da shi da bakinsa yake hana mutane takawa, ya ɗaure tsumma a bakin sandar tsintsiya yana miƙa hannu sama. Tsumman yana ta lilo a iska, tsakaninsa da tagar akwai hawa guda cur har da ɗoriya. Ya ƙara ɗage, tsanin ya yi ƙara, sai 'yar Goggo ta leƙo ta 'yar tagar banɗaki da ke can gefe ta ce don Allah ya sauka, majinyaci ɗaya ya ishe su a gidan nan.

Ya sauko yana ƙunƙuni, ya tsaya a cikin lungun yana kallon sama har wuyansa ya ƙage.

Shekara ashirin da biyu ke nan yana wanke gilasan shaguna da ofisoshi da bokiti da sabulu da robar gogewa, da wannan tsanin da ya cinye masa sunansa na gaskiya. Yana zaune da matarsa a ƙasan wani gidan haya mai hawa huɗu. A hawa na ƙarshe kuwa akwai tsohuwar da kowa yake kira Goggon Sama, tela ce a da. Ranar da ya fara sana'a ita ta riƙe masa ƙafar tsani, tana yi masa faɗa a kan rawar da gwiwarsa take yi, kuma ita ta ɗinka masa jakar da yake ɗaurawa a ƙugu har yau. Yana ƙaunarta ƙwarai, yana kuma ɗan jin tsoronta, har yanzu da furfura ta fara fito masa.

Wata bakwai ke nan tana kwance, gadonta yana fuskantar taga. Tagar ba ta buɗuwa, tun shekarar da katakonta ya saki aka zo aka kafe ta da ƙusoshi. Ta ciki 'yarta tana gogewa kullum. Ta waje kuwa hayaƙin motoci da kashin tsuntsaye da ƙurar simintin ginin da aka yi a baya duk sun taru, ruwan sama ya zo ya dama su ya shafe gilashin da su.

Da ya hau gaishe ta ran nan, sai ta dube shi ta dubi tagar.

"Kai ɗan nan, wai damina ba ta ƙarewa ne? Kullum hadari a tagata."

Ya ce mata ai sama garau take yau, ko ɗigon girgije babu.

"Haka kowa yake ce mini. Na gaji da jin shuɗin sama a bakin mutane. Ina so in gan shi da idona ko sau ɗaya, kafin a fitar da ni daga ɗakin nan."

"Sati ɗaya, Goggo," in ji shi. "Ki ba ni sati ɗaya."

Dama ya daɗe yana jin labarin sababbin kayan aikin da suka fito, waɗanda mutum zai tsaya a ƙasa ya wanke tagar bene ba tare da ya taka tsani ba. Washegari ya tafi shagon da ake sayar da su. Mai shagon ya nuna masa doguwar sanda mai zuƙewa, da burushi a bakinta, da siririn tiyo da yake bi ta cikinta yana kai ruwa sama. Amma ya ce sandar ba ita ce maganar ba, ruwan ne. Ya ɗauko wani tulu na roba cike da ƙananan ƙwayoyi kamar yashi, launin zuma, ya ce in ruwan famfo ya ratsa ta cikinsu duk gishiri da farar ƙasar da ke ciki a nan suke tsayawa. Ya tsoma wani ɗan ma'auni mai kama da biro a ruwan famfo, lamba ta haura ɗari uku. Ya tsoma a wanda aka tace, ta nuna sifili.

"Ruwan nan yunwa yake ji," in ji mai shagon. "Duk dattin da ya tarar ɗauka yake yi. Ba sabulu, ba tsumma. Ka wanke, ka ɗauraye, ka yi tafiyarka, da kansa zai bushe ba tabo."

Na-Tsani ya ɗaga kofin da ruwan da aka tace yake ciki ya kalle shi ta hasken ƙofa. Ruwan da babu komai a cikinsa. Tun daga nan hankalinsa ya bar shagon. Ya ga kansa yana tafiya a titi da safe, tagogi suna haskawa a bayansa ɗaya bayan ɗaya, har benaye suka zama kamar ba su da gilashi, mutanen ciki suna zaune a iska suna shan shayi. Sai da mai shagon ya taɓa kafaɗarsa ya tambaye shi wanne zai ɗauka.

Iri biyu ne. Akwai mai taya, wanda ake ja kamar akwatin tafiya, tankinsa babba, batirinsa yana yini. Akwai na goyo, wanda ake saɓawa a baya, ruwansa kaɗan, bayan shago huɗu ko biyar sai an sake cikawa. Ga sana'arsa, a kan manyan tituna masu shimfiɗaɗɗen daɓe, mai taya ne daidai, ko makaho ya shafa zai faɗa. Sai dai tagar Goggo lungun baya take kallo, kuma lungun yana da matakala uku da kwata a tsakiya, ga wani ƙarfen famfo da ya tsaya a bakinsa ya rage masa faɗi. Na-Tsani ya koma gida ya auna da igiya, ya dawo ya auna mai taya. Ya fi bakin lungun da yatsa huɗu. Ya tambaya ko za a ƙara tsawon tiyo a bar tankin a titi, mai shagon ya ce in tiyon ya yi wannan nisa, ɗan injin da ke jikin tankin ba zai iya tura ruwa hawa huɗu ba.

To, a nan gizo ke saƙa. Mutumin kirki ne Na-Tsani, amma in aka ajiye masa abu biyu aka ce ya zaɓa, an gama da shi. Matarsa ta ce ba ta yi mamaki ba, mutumin da ya yi wata guda yana zaɓen takalmi har mai takalmin ya tashi daga kasuwar. Ya je shagon sau shida. Ya goya na goyo cike da ruwa ya zaga shagon, ya sauke ya dafa ƙugu. Ya ja mai taya ya kai ƙofa ya dawo, yana jin daɗin yadda yake bin sa a hankali. Yakan zauna a kan benci yana kallon su biyun, har mai shagon ya daina yi masa sannu da zuwa, sai dai ya matsa masa wuri.

Sati ɗaya ya zama uku. Kunya ta hana shi hawa sama. In zai fita da safe sai ya bi jikin bango, kamar tana iya hango shi ta wannan gilashin.

Ranar wata Laraba ya haɗu da 'yar Goggo a matakala, tana riƙe da kwanon da ba a taɓa abin da ke ciki ba. Ta ce likita ya zo jiya, ya ce a bar ta a gida kawai, a riƙa jiƙa mata leɓe. Sannan ta ce, "Yaya, ba tuni nake maka ba. Ita ce dai take tambaya ko satin naka irin na da ne ko na yanzu."

Ko gida bai shiga ba. Ya isa shagon yana haki, ya nuna na goyo, ya nuna sandar da ta fi kowacce tsawo. Mai shagon ya ce bayansa zai gaya masa nan da wata biyu, kuma wannan sandar ta yi wa aikin shaguna nauyi. Na-Tsani ya ce ya ji. Mai shagon ya bi shi har ƙofa yana yi masa bayani a kan wankin farko, da katakon saman taga, da wani abu game da jira. Na-Tsani yana ta gyaɗa kai, amma shi yana can hawa na huɗu, ko kalma ɗaya ba ta zauna ba.

Da la'asar ya shiga lungun da tanki a baya. Ya zare sandar gaɓa bayan gaɓa har burushin ya taɓa gilashin, ya kunna injin, ruwa ya hau. Baƙin ruwa ya riƙa gangarowa ta bango yana ɗiga masa a fuska. Ya goge, ya ɗauraye, gilashin ya yi ƙyalli, ya naɗe kayansa yana jin kansa wani babba. Sai da ya yi wanka ya sa riga mai kyau sannan ya hau.

Tagar ta bushe, kuma ta fi yadda take a da muni. Dattin shekaru da ya maƙale a katakon sama ya jiƙa, ya biyo ruwan ya zubo, ya bushe layi-layi tun daga sama har ƙasa. Abin da mai shagon yake ta faɗa masa ke nan a bakin ƙofa.

Goggo ta rame har bargon ya fi ta kauri, amma bakin yana nan.

"Da hadari ne kawai," ta ce, muryar can ƙasa. "Yanzu ka ƙara mini da ruwan sama."

Ya so ya yi dariya, amma ba ta fito ba. Ya ce gobe da sassafe. Ta ce to, ita dai ba ta da inda za ta je, sai in an zo ɗaukarta.

Gari na wayewa ya tace sabon ruwa, ya tsoma ma'aunin sau biyu, sifili. Wannan karon bai taɓa gilashin ba sai da ya wanke katakon sama, ya bi kowace kusurwa da kan kowace ƙusa, har ruwan da yake saukowa ya yi fari. Tanki ya ƙare, ya je ya ciko. Ya tsaya ya jira katakon ya tsane, kafaɗunsa suna zogi, sannan ya wanke gilashin, ya janye burushin kaɗan ya ɗauraye daga sama zuwa ƙasa, a hankali, sau biyu. Hannunsa ya kai kan tsumman da ke jakar ƙugunsa don sabo, ya tuna ba shi da aiki. Ya jingine sandar a lungun ya hau da rigarsa jiƙe.

Rana ta fara taɓa tagar. Gilashin cike yake da ɗigon ruwa, kowanne ya riƙe ɗan haskensa, hasken kuma ya watsu a bango da silin da kan bargon, yana motsi kaɗan-kaɗan. 'Yar tana zaune a bakin gado da kofi da auduga. Goggo tana kallo, idonta a buɗe sosai.

"Ba za ka goge ba?"

"Ba a gogewa, Goggo. Da kansa yake bushewa."

"To, mu jira."

Ya jawo kujerar keken ɗinkinta ya zauna. Ana jin motoci can nesa, da wani yana buɗe ƙofar shago. Wani ɗigo ya gangaro ya haɗu da wani, suka sauka tare. Goggo ta ce a cikin kowane ɗigo akwai bishiya, kanta a ƙasa, ta ce ta taɓa ɗinka wa wata mata riga da yadi mai irin wannan zanen, ba ta zo ta karɓa ba. Na-Tsani ya ji ɗakin yana tafiya da su a hankali, kamar suna cikin ruwan su ma.

Kusurwar sama ta dama ce ta fara bushewa. Wuri ya buɗe, bai fi tafin hannu ba, shuɗi tas.

Goggo ta daɗe tana kallonsa.

"Ashe yana nan," ta ce. Can kuma ta ce, "Idona ya gaji. In sauran ya bushe ka tashe ni."

Ya ce to. Ya zuba wa gilashin ido yana roƙonsa a zuci ya yi sauri, shi da ya yi sati uku a kan benci. Shuɗin ya riƙa saukowa. Kan bishiyar ya fito, sannan rufin ginin baya, da wasu tantabaru a jere a kan tankin ruwa. Bai san lokacin da 'yar ta ajiye kofin ba. Ya dai ji ta kira "Inna" sau biyu, na biyun ba da muryar tambaya ba, sannan ta kifa fuskarta a kan bargon.

Bai juya nan da nan ba. Saura ɗigo uku a can ƙasa, kusa da katako, ya jira su har suka tafi. Babu tabo ko ɗaya.

"Goggo," ya ce a hankali, "ya bushe."

Tantabarun suka tashi gaba ɗaya suka bi ta gaban tagar, inuwarsu ta ratsa bargon ta wuce.