Abin da Dalhatu Ya Cire wa Kafris

Takardar ba ta fi tafin hannu biyu ba, amma tun da ma'aikacin fahas ya miƙa wa Dalhatu ita ya kasa ɗauke ido daga kanta. Birki lafiya, fitilu lafiya, tayoyi lafiya. Layi ɗaya ne aka yi wa ja: hayaƙin da motar ke fitarwa ya wuce ƙa'ida. Ma'aikacin ya ce ya je ya gyara, yana da kwana goma sha huɗu ya dawo, ya ɗaga hannu ya kira motar baya.

Shi fahas ɗin nan gwajin lafiyar mota ne na hukuma. Motar da ba ta ci ba, ba a sabunta mata takardu, motar da ba takardu kuwa ba ta da titi a Riyad. Wani direban zai ja tsaki ne kawai ya wuce gareji. Ban da Dalhatu, domin shi zamansa kaf a ƙasar nan a jikin wannan tsohuwar Kafris yake rataye.

Shekara tara ke nan yana tuƙa Ummu Bandar, wata dattijuwa a unguwar Nasim. Asibiti ran Litinin, gidan ƙanwarta ran Alhamis, kasuwar Utaiƙa idan sabon dabino ya shigo. Motar ta marigayi mijinta ce, ita kuma ta rantse ba ta shiga wata. Da mijin ya rasu, ɗansu Bandar ya gaji motar, ya kuma zama kafilin Dalhatu, wato wanda iƙamarsa, takardar izinin zamansa a ƙasar, ke hannunsa. Bandar ba mugu ba ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Mutum ne dai mai sauri, wanda tsohon abu ke ba shi haushi.

A ƙofar gida Dalhatu ya same shi da la'asar, yana shirin shiga tasa motar. Ya miƙa masa takardar da hannu biyu.

"Ta faɗi?" in ji Bandar.

"Hayaƙi ne kawai, Ustaz Bandar. Sauran duk lafiya."

"Hayaƙi ai inji ne, ya Dalhat. Inji kuma shi ne motar." Ya mayar masa da takardar. "Ka kai ta a duba. In ta sake faɗuwa, sai tashli. Na gaji da ita."

Tashli shi ne filin da ake kai matattun motoci a yi gunduwa-gunduwa da su. Bandar bai ce komai a kan direban ba, ba ya ma buƙatar cewa. Gida ba mota, me za a yi da direba? Biza ce ta fita ba dawowa, a danna ta a waya cikin minti biyu. Dalhatu yana da shekara hamsin da uku, ga mata da 'ya'ya shida a Kurna, can Kano, babu wanda bai dogara da shi ba. Ya tsaya da takarda a hannu har motar Bandar ta sha kwana.

Washegari da hantsi ya nufi tsohuwar unguwar garejoji, wajen Harouna. Harouna mutumin Damagaram ne, bakanike, shekararsa goma sha biyu a garejin wani Basudane. Tsakanin Bakano da Badamagare kuwa ba a gaisawa sai an tsokani juna.

"A'a, Bakano ne da sanyin safiya? Me kuka ɓata kuma?"

Yau Dalhatu ba bakin ramawa. Ya miƙa takarda kawai. Harouna ya karanta, ya sa aka tayar da motar, ya zaga baya ya shinshina salansa, ya yamutsa fuska. Ya dawo ya ɗaga bonet. Inji bai yi minti ɗaya da tashi ba, amma fankokin lagireto biyu na ta gudu kamar za su tashi sama.

"Malam Dalhatu, wa ya haɗa fankar nan kai tsaye?"



Harouna ya leƙa ciki ya dubi allurar zafi, tana kwance can ƙasa. Ya ga wani ɗan baƙin salatif manne a gefen mita, ya sa farce ya ɓanɓare. Wata 'yar fitila ruwan ɗorawa tana ci a ƙarƙashinsa. Fitilar gargaɗin inji ce aka rufe. Ya ɗauko sifana ya kwance bakin tiyon ruwa, ya zura yatsa a ramin, ya zaro, ya nuna wa Dalhatu yatsan.

"Ina tamostat?"

"Na cire."

"Kai da kanka?"

"Ni da kaina. Shekara biyu ke nan."

To, a nan sai an yi wa Dalhatu adalci. Tamostat wani ɗan ƙarfe ne kamar murfin buta, aikinsa tare ruwa har inji ya ɗauki zafin da ya dace da shi. A Kano, inda Dalhatu ya yi shekara ashirin yana jan tasi, duk motar da ta sauka daga Kwatano abu na farko da bakanike ke yi mata shi ne ya zare abin nan ya jefar, ya haɗa fanka kai tsaye. Cewa ake yi na ƙasar ƙanƙara ne, mu nan zafi ya ishe mu. Haka ubangidansa ya koya masa a Ƙofar Ruwa, haka kowa ke yi. Da wani bazara ya ga allurar Kafris ta tsaya a tsakiya, ga Mama, wato Ummu Bandar, a baya, ga ranar Riyad, sai tsoro ya kama shi. Ran Juma'a da mutanen gida suka fita, ya kwance ya zare, ya ga allura ta kwanta, hankalinsa ya kwanta tare da ita. Gata ya yi wa motar a ganinsa, bai kuma gaya wa kowa ba.

"Wallahi ku Kanawa sai Allah," in ji Harouna. "Shekara biyu motar nan tana jin sanyi. Inji in bai yi zafi ba, mai yake ta zuƙa yana amayar da rabi ɗanye ta salansa. Shi na'urarsu ta shinshino."

Sai a lokacin Dalhatu ya gane. Ashe ba tsufa ba ne, shi ne. In Bandar ya kai motar wani gareji aka gaya masa direba ne ya yi wa motar babansa tiyata a ɓoye, ko sallama ta mutunci ba zai samu ba.

"Za ta gyaru?"

"Tamostat zan sa sabo, in mayar da fanka yadda take, in canja fulogi da mai. Wannan mai sauƙi ne. Abin da ban sani ba shi ne tukunyar da ke cikin salansa, mai tace hayaƙi. Shekara biyu tana shan ɗanyen mai. In toshewa ta yi, za ta warware. In mutuwa ta yi, ba ni da dabara, irin tata ta yi wuya yanzu."

"Ta yaya za a gane?"

"A wajen fahas za ka gane."

Kwana biyu motar ta yi a gareji. Ranar da ya zo ɗauka, Harouna ya dafa ƙofar direba ya daina wasa.

"Saurara da kyau. Ranar gwaji ka hau hanyar Dammam, ka ba ta wuta na minti arba'in, ta ƙone dattin cikinta. Ba irin tuƙin amaryar da kake yi wa tsohuwa ba. Daga can kai tsaye sai layi. A layi kada ka kashe ta, ko awa nawa za ka yi. Da zafinta ake so ta shiga. Allura za ta hau tsakiya, nan ne gidanta. Kada ka taɓa komai."

"In ta wuce tsakiya fa?"

"Fanka za ta tashi da kanta."

"In ba ta tashi ba?"

"Za ta tashi, Bakano. Ka yarda da ni sau ɗaya a rayuwarka."

Faɗa da baki ba wuya. Ran Lahadi bayan ya karya, Dalhatu ya hau hanyar Dammam. Watan Yuli ne, tun ƙarfe tara kwalta ke rawa a ido. Ya taka totur, tsohuwar Kafris ta yi wani gurnani da bai taɓa ji ba, baƙin hayaƙi ya turnuƙe a madubi sau biyu, sannan ya washe. Shi duk bai ga wannan sosai ba, idonsa na kan allura. Ta tashi daga inda ta saba kwanciya, ta yi kwata, ta ci gaba. Ta isa tsakiya ta tsaya. Sau ɗaya inji ya taɓa buga masa, a hanyar Zariya, yana saurayi, kuma da haka ta fara: allura ta hau, wari ya biyo, ƙara ta biyo, shi ke nan. Shekara talatin jikinsa bai manta ba.

Ya iso tashar fahas ya tarar da motoci goma sha ɗaya a gabansa. Ya shiga layi, ya bar inji na aiki.

Babu iska, babu inuwa. Ya kashe na'urar sanyi don kada ya ƙara wa inji nauyi, ya sauke gilashi, zafi ya shigo masa kamar an buɗe tanda. Allura na tsakiya. Ya kasa kunne, fanka shiru. Shekara biyu kunnensa ya saba da kukanta ba dare ba rana, yau tsit, kamar an mutu a ƙarƙashin bonet.

Saura mota tara a gabansa. Saura bakwai. Allura ta ɗan gota tsakiya, da ƙyar ido zai gani, amma nasa idon ya gani. Ya shinshina, ya ji kamar warin roba, ko kuwa hancinsa ne ke masa ƙarya? Hannunsa ya tafi kan makulli da kansa. In ya kashe, inji ya huce, hayaƙi ya sake yawa, mota ta tafi tashli. In ya bari inji ya buga a nan cikin layi, mota ta tafi tashli a bayan janwe, kuma da sunansa. Duk inda ya juya jirgin Kano yake gani.

Ya riƙe makullin yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa, wata ma ta shiga gida ce, ba ta hanya ba. Wani Bapakistane a motar gefe ya leƙo yana tambayar ko lafiya, shi kuwa idonsa na kan mita. Allura ta ƙara gotawa. Ya ce a ransa zai ƙirga goma ya kashe, Harouna ya yi haƙuri. Ya kai bakwai.

Sai ya ji ɗan ƙas, fanka ta ɗauka. Ya zura ido, allura ta yi jim, ta sulalo ta koma tsakiya. Dalhatu ya cika makulli ya kifa goshi a sitiyari. Rigarsa sharkaf, sai da na baya ya yi masa ham sannan ya matsa.

Sau huɗu fankar ta tashi ta tsaya kafin layi ya zo kansa, kuma duk sau huɗun sai da hannunsa ya kai kan makulli. A ciki ma'aikacin ya zura wani ƙarfe a salansa, ya dubi allonsa, ya jira. Dalhatu na tsaye a bayan layin da aka shata, yana kallon fuskar yaron mutane kamar ta alƙali. Na'ura ta turo takarda. Ba ja ko ɗaya.

Har ya iso Nasim bakinsa bai rufu ba. Ya kira Harouna a hanya ya ce masa daga yau ya yarda Damagarawa mutane ne. Ya tarar da Bandar a gida ya zo cin abincin rana wajen mahaifiyarsa, ya aika a kira shi, ya miƙa masa takardar.

Bandar ya karanta, fuskarsa ta washe. Ya dafa kafaɗar Dalhatu, abin da bai taɓa yi ba.

"Masha Allah, ya Dalhat, ka yi ƙoƙari. Ka san akwai wani mai son ta, tun watan jiya yake bina. Ba a canja sunan mai mota sai da fahas mai kyau, shi ya tsayar da mu." Ya ɗaga waya ya ɗauki hoton takardar. "Bari in tura masa."

Dalhatu ya ji kamar maganar daga nesa take zuwa.

"Mama fa, Ustaz Bandar? Wa zai riƙa kai ta asibiti?"

"Wajena za ta koma, ƙafafunta sun ƙi, ta yarda jiya. Matata ta karɓi lasisinta, ai ka ji an ba matan ƙasar nan izinin tuƙi bana. Ita za ta riƙa kai ta." Ya duba wayarsa, amsa ta shigo. "Ya ce bayan la'asar zai zo. Ka wanke ta da kyau, ciki da waje."

"Ni kuma fa?"

Bandar ya ɗan kau da kai. "Za mu yi magana in an gama da motar," ya ce, ya koma ciki ya ja ƙofa.

Dalhatu ya daɗe a tsaye a rana. Sannan ya je ya ɗauko bokiti da soso. Da ya watsa ruwan farko a bonet sai ya yi cuu, tururi ya tashi, don har yanzu ba ta huce ba.