Aron Kunne

Karo na uku ke nan a shekarar nan da Baba Lucius Pettway ya shigo shagon gyaran jita na Odessa da ƙorafi iri ɗaya.

"Odessa, abin nan da kika saka min ya mutu. Sauti yake bayarwa kamar an rufa masa bargo."

Ta ajiye ƙarfen dalma ta karɓi jitar. Fikof biyu ne a jikinta, wato maganaɗisun da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi suna tsinto sauti, dukansu irin da ake kira hambaka, masu tagwayen naɗin waya. Na wajen wuyan jitar muryarsa mai kauri ce da taushi, na gindi kuwa siririya ce mai kaifi. Shekara arba'in da ɗaya dattijon yana kiɗa a cocinsu na Shreveport, kuma da na gindi kaɗai yake aiki. Na wuya, a cewarsa, na masu gyangyaɗi ne.

Ta jona ta da amfilifaya, na'urar ƙara sauti, ta taɓa tsirkiya ɗaya. Kai! Har cikin haƙoranta ta ji shi. Baba Lucius ko gezau.

"Kin ji ko? A dishe yake. Nemo min wanda ya fi shi zafi."

Ranar Litinin Verlene, shugabar mawaƙan cocin, ta kira Odessa, ta ce 'yan layin gaba sun fara komawa baya saboda ƙarar jitar, fasto kuma na shirin cewa dattijon ya huta. Kowa na jin nauyinsa, an rasa mai faɗa masa. In ta saka masa mai zafin, to wannan Lahadin ce ta ƙarshe. Mutumin da ya yi kiɗa a bikinta fa!

"Baba, ɗan juya min baya. In ka ji na kaɗa, ka ɗaga hannu."

"Yau kuma likita kika zama?"

Ya dai juya yana gunaguni. Ta danna mafi sirantar tsirkiya can ƙarshen wuya, ta kaɗa. Ta sake. Ta kuma sakewa.

"To ki fara mana, 'yar nan. Kifina na hucewa a mota."

"Sau uku na kaɗa, Baba."

Bai juyo ba. Ta tsaya tana kallon ƙeyarsa mai furfura, tausayi ya kama ta har ta ji dama ba ta yi ba.

"Ba fikof ba ne ke nan," ya ce a hankali.

"Ba shi ba ne. Lafiyarsa ƙalau, na farkon ma haka."

"Su Verlene sun sani?"

"Duk cocin sun sani."

Ya ja kujera ya zauna, ya miƙo hannu. Ta ba shi jitar. Ya daɗe yana kallon ɗan makunnin da ke zaɓen fikof, sannan ya tura shi sama, wajen na wuya. Sai da ya ɗan sa ƙarfi, don abin ya cije. Ya kaɗa a hankali, wani sauti mai ɗumi ya cika shagon.

"Hm. Wannan a ƙirji nake jin sa." Ya sake kaɗawa. "Da daɗi?"

"Da daɗi sosai, Baba."

"Kar ki yi min kara."

"Yaushe na taɓa yi maka?"

Ya miƙa mata jitar. "To daidaita min komai yadda ya yi wa kunnenki, ki ɗaure da salatif. Makunnin ma. Na san halina, ina hawa can zan ji kamar ba a jin ni, hannuna ya kai."

Odessa ta daidaita maɓallan sautin, ta yanko salatif ta liƙe su ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan makunnin sai ta dakata ta dube shi.

"Liƙe shi," ya ce. "Ranar Lahadi kuma ki zauna a layin gaba. In na yi daidai ki gyaɗa min kai."